Kanta, kwali, akwatin roba ko kabad: ina ya fi dacewa a ajiye takalmin fata?

Wanda ya fitar da kuɗi masu kauri ya sayi takalmin fata, ko sau-ciki ne na zuwa ofis, ko haf-koba na sakawa da manyan kaya, ko kuma sandal ɗin da baduku ya ɗinka masa da hannu, yakan tsaya ne tsakanin wuraren ajiya guda huɗu: buɗaɗɗiyar kanta, kwalin da takalmin ya zo a ciki, akwatin roba mai murfi irin wanda ya yawaita a kasuwa yanzu, da kuma kabad mai ƙofa. Kowane ɗaya yana da ɓarnar da yake tsarewa da wadda yake bari ta shiga. Abin da zai raba gardama shi ne irin takalmin, da yawan sa shi, da kuma watan da ake ciki, domin a ƙasar Hausa shekara ɗaya tana ɗauke da yanayi iri biyu da suke cutar da fata ta hanyoyi masu saɓawa da juna.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu take kaɗawa, laimar da ke cikin iska a garuruwa irin su Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. A wannan lokaci fata tana rasa ɗan ruwan da ke riƙe da laushinta, sai ta yi tauri, kuma ƙurar hazo mai laushi tana kwanciya a cikin layukan da ke saman yatsu, inda takalmi yake lanƙwasa, ta riƙa cin fatar a kowane taku har wurin ya tsage. Idan damina ta kankama, musamman a watan Agusta, laimar takan haura kashi 70 cikin ɗari, wato daidai matakin da funfuna take samun damar tsirowa a kan fata. Tsakanin waɗannan biyu kuma akwai bazara, wadda zafinta kan kai digiri 40 a watan Afrilu, ya sassauta gam ɗin da ya manne tafin takalmi. Ra'ayina a kan wannan batu a fili yake: ƙura abu ce da burushi yake kawarwa cikin minti ɗaya, amma funfunar da ta shiga cikin fata da tsagar da ta riga ta buɗe ba su da cikakken magani. Saboda haka duk wurin ajiyar da ya hana ƙura ta hanyar hana iska shiga, hasararsa ta fi ribarsa yawa ga takalmin fata na gaske.

Buɗaɗɗiyar kanta ita ce ta fi kowane wuri ba wa takalmi iska, kuma takalmin da ake sawa kullum ba shi da buƙatar da ta wuce wannan. Ƙafa tana yin gumi ko da mutum a zaune ya wuni, fatar ciki kuma tana shanye gumin nan, sai ta kwana ɗaya a sarari kafin ta bushe sosai. Kanta ce kaɗai take ba da wannan damar ba tare da an yi wani ƙoƙari ba. Aibinta shi ne ba ta kare komai: ƙurar hunturu tana rufe takalmi cikin kwana biyu, hasken rana idan yana faɗowa ta taga yana kashe launin fata mai ruwan ƙasa, kuma a gidajen da ke kusa da gona ko kango kunama tana iya shigewa cikin sau-ciki, shi ya sa zazzage takalmi kafin a sa ƙafa al'ada ce da bai kamata a bari ba. Wurin da aka kafa kantar ma yana da tasiri. Ta zaure ko ta bakin ƙofa, inda feshin ruwan sama da rana suke kaiwa, ta silifas ce da takalman roba. Ta takalmin fata ta kasance a cikin ɗaki, nesa da taga da bangon banɗaki, kuma benenta na ƙasa ya ɗaga daga siminti da kamar taƙi ɗaya.

Akwai kuma bambanci tsakanin kantar katako da ta ƙarfe wanda mai takalmin gargajiya ya kamata ya sani. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, irin wadda dukawa suke aiki da ita a Kano da Sakkwato, tana ɗauke da sinadarin da idan ya haɗu da ƙarfe a cikin danshi yake komawa baƙi. Da wannan haɗin ne ma dukawa suke samun baƙin rinin da suke yi wa fata ado da shi. Don haka jiƙaƙƙen sandal na jar fata da aka ɗora a kan kantar ƙarfe da fentinta ya ɓare zai tashi da baƙin tabo wanda ba ya fita. Takalman kamfani, waɗanda mafi yawansu da sinadarin kurom ake jeme fatarsu, ba su da wannan matsala sosai, sai dai tsatsa tana ɓata su su ma. Wanda yake da kantar ƙarfe ya shimfiɗa mata kwali ko tsumma kafin ya ɗora takalmi.

Kwalin takarda yana tsakiya ne. Yana hana ƙura da haske, yana barin iska kaɗan ta ratsa, kuma shi kansa yana shan laima ya sake ta a hankali, wanda hakan yana rage wa fata saurin sauyin yanayi. Ga shi kyauta ne, tun da ya zo tare da takalmin, kuma girmansa daidai ne da shi. Ga takalmin da ake sawa ranar Juma'a ko ranar biki kawai, kwali ya fi kanta nesa ba kusa ba. Rauninsa yana bayyana ne da damina. Kwalin da aka ajiye a ƙasa ko aka jingina da bango mai danshi yana jiƙewa ya riƙe ruwan, sai ya zama shi ne yake ciyar da funfunar da aka so ya hana. Kyankyasai suna son kwali, suna yin ƙwai a saƙonsa, gara kuma idan ta same shi a ɗakin ƙasa ba ta tsayawa a kan takarda kaɗai. Kwali yana da amfani ne idan yana saman kabad ko a kan wani abu mai tsayi, an huda masa ƙananan ƙofofi a gefe, kuma ana buɗe shi lokaci-lokaci daga Yuli zuwa Satumba.

Akwatin roba shi ne wanda ya fi jan hankalin mai saye, kuma dalilin a bayyane yake. Ana ganin abin da ke ciki ba sai an buɗe ba, ana jera ɗaya a kan ɗaya har su kai rufi, ɓera da kyankyaso ba sa samun hanya, ƙura kuma ba ta shiga ko kaɗan. A ɗakin haya mai ƙunci, ko ɗakin ɗalibi, wannan tsari ba ƙaramin sauƙi ba ne. Matsalar ita ce roba ba ta shan laima kuma ba ta barin ta fita. Idan aka rufe takalmin da aka tuɓe da yamma, gumin da ke cikinsa ba shi da inda zai je. Zai zauna a cikin akwatin, ya sauka a jikin roba idan dare ya yi sanyi, ya koma cikin fata idan gari ya yi zafi. A watan Agusta wannan kaɗai ya isa a buɗe akwati bayan mako biyu ko uku a tarar da fari-farin funfuna ta rufe takalmin, ga wari da ba ya barin fatar ciki. Masu sayarwa sukan ce ƙananan ƙunshin nan na ƙwayoyin shan laima da ake samu a cikin kwalin sabon takalmi suna maganin wannan. Suna taimakawa, amma ƙunshi ɗaya ruwa kaɗan yake iya sha, kuma da zarar ya cika ya daina aiki sai an busar da shi da zafi, sannan abu ne da ya kamata a nisantar da shi daga ƙananan yara.

Duk da haka ba zan ce a jefar da akwatin roba ba. Wanda aka yi masa huji a gefe ko a baya ya fi wanda yake rufewa ruf, kuma ga kambas da takalman da ba na fata ba, waɗanda aka wanke suka bushe sarai, yana aiki yadda ake so. Ko takalmin fata ma zai iya zama a ciki a watannin hunturu, lokacin da ƙura ce babbar abokiyar gaba kuma iskar da aka rufe a ciki busasshiya ce, da sharaɗin ya kwana a sarari kafin a saka shi. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne ɗaure takalmi a leda a cusa ƙarƙashin gado, domin leda ta haɗa aibin roba ba tare da ko ɗaya daga cikin amfaninta ba: tana riƙe danshi, tana manne wa fata mai sheƙi, kuma ba ta hana a danne takalmin ya lotse.

Kabad mai ƙofa ya dogara ne da yadda aka ƙera shi. Wanda ƙofarsa take da tsaga-tsaga irin ta luba, ko aka sa masa raga a baya, yana rage ƙura sosai kuma iska tana zagayawa, shi ya sa nake ganin shi ne mafi dacewa ga wanda yake da takalman fata da yawa kuma yana da halin sa kafinta ya yi masa. Wanda aka yi da katakon matse, ƙofa a rufe ruf, baya a manne da bango, da damina bai bambanta da babban akwatin roba ba, har ma katakon kansa yana kumbura ya yi funfuna. Idan irinsa mutum yake da shi, ya janye shi daga bango kaɗan, ya riƙa barin ƙofar a buɗe a ranakun da rana ta fito. Ɗan gawayi a cikin tsumma a kusurwar kabad yana rage wari. Kafur yana korar ƙwari, amma ƙamshinsa yana kama fata ya daɗe, don haka kada ya taɓa takalmin.

Akwai hanya ta biyar da ba a cika lissafawa ba, alhali ita ce ta fi araha idan aka auna da amfaninta, wato jakar ƙyallen auduga. Tela zai ɗinka ta da ragowar yadi, kowace ƙafa da tata, da zare a baki. Takalmin da aka sa a irin wannan jaka aka ɗora a kan buɗaɗɗiyar kanta ya samu iskar kanta da kariyar kwali a lokaci guda. Ga takalmi mai fata mai gashi-gashi, wadda ake kira suwed, wannan ita ce ajiyar da ta fi, domin ƙura tana shiga cikin gashinta ta zauna, kuma ba a shafa mata man gogewa balle a rufe dattin. Sai dai a tabbata yadin auduga ne, ba na roba ba, kuma ba mai zuba ba ne.

Duk wannan magana a kan saman takalmi take. Tafinsa yana da nasa hukuncin, kuma shi ne yake bayyana abin da ke faruwa da mutane da yawa ranar Sallah, lokacin da suka fito da takalmin da suka adana shekara biyu ko uku ba a taɓa ba, kafin a dawo daga Idi tafin ya rugurguje kamar busasshen burodi. Irin wannan tafi mai kauri mara nauyi, wanda ake yi da sinadarin foliyuretan, laimar iska tana karya shi daga ciki a hankali tun ranar da aka ƙera shi, kuma zafi da danshi da rashin sawa suna gaggauta lalacewar. Babu kwali ko akwatin da zai tsayar da wannan. Akwatin roba mai danshi ma ƙara masa sauri yake yi. Abin da yake rage ta shi ne a riƙa taka takalmin lokaci-lokaci, a ajiye shi a wuri mai sanyi da bushewa. Wannan yana da muhimmanci ga mai sayen gwanjo a kasuwa irin ta Ƙofar Wambai, domin takalmi yana iya zama sabo fil a ido alhali ya yi shekaru a rumbun ajiya a Turai. A lanƙwasa tafin da ƙarfi, a danna shi da farce. Idan ya nuna ƙananan tsaga, ko yana danƙo, ko yana zubar da gari, a bar shi komai kyan fatarsa. Wanda ya san cewa sau biyu ko uku a shekara zai sa takalmi, ya zaɓi mai tafin fata ko na roba ta ainihi, musamman wanda aka ɗinke maimakon wanda gam kaɗai ya riƙe, domin irin wannan yana jure doguwar ajiya kuma mai gyara yana iya sauya masa tafi. Haka nan fatar roba, wadda ake kwaikwayon fata da ita, ɓarewa take yi idan lokacinta ya yi, kuma adana ta ba ya ƙara mata kwana. Gara a sa ta a more ta.

Abin da ake cusawa a cikin takalmi yayin ajiya shi ma zaɓi ne. Ƙafar katako, wadda ake sakawa ta miƙe takalmin daga yatsu zuwa dunduniya, ita ce ta fi, domin tana miƙar da layukan lanƙwasa tun fatar tana da ɗumi, kuma katakon da ba a shafa masa fenti ba yana shan wani ɓangare na gumi. Tana da tsada, amma ba dole ba ne kowane takalmi ya samu tasa: guda ɗaya ta isa a riƙa sa wa wanda aka tuɓe yau, domin a daren farko ne fata take bushewa ta ɗauki siffar da za ta zauna a kai. Ta roba mai waya a tsakiya tana riƙe siffa amma ba ta shan komai, kuma idan ta yi ƙarfi tana tura dunduniya ta ɓata ta, don haka ta fi dacewa da tafiya. Tsohuwar jarida da aka dunƙule ita ce ta kowa da kowa, kuma ga takalmin da ruwan sama ya jiƙa ta fi su duka, idan ana sauya ta da zarar ta yi laushi. Tawadarta tana zuba a kan farar fatar ciki, saboda haka ga takalmi mai haske a nemi farar takarda. Jiƙaƙƙen takalmi a inuwa yake bushewa; rana da bakin murhu suna ƙanƙance fata su sa ta yi tauri, haka ma barin takalmi a but ɗin mota da bazara, inda zafi kan wuce digiri 60, yana narkar da gam.

Sai batun abin da ake shafawa kafin a ajiye. Man gwangwani irin Kiwi, wanda aka fara sayarwa a Ostareliya tun 1906, kaki ne da launi: yana ba da sheƙi, yana sa ruwa ya zame, amma a saman fata yake tsayawa. Idan ana ta ɗora sabo a kan tsoho ba a gogewa, kakin yana taruwa ya fashe a wurin lanƙwasa, har mutum ya zaci fatar ce ta tsage. Kirim ɗin takalmi, wanda yake zuwa a kwalba ko a bututu, sheƙinsa kaɗan ne amma yana shiga cikin fata ya mayar mata da laushi, kuma shi ne abin da hunturu yake buƙata. Mai ruwa-ruwa mai soso a baki shi ne ya fi sauri, kuma shi ne na fi ƙi ga fata mai tsada, domin yana bushewa ne ya zama wani siririn rufi a samanta wanda yake tsattsagewa daga baya kuma yana da wuyar cirewa. Idan abu ɗaya kawai mutum zai saya a Arewa, kirim ya fi. Idan biyu ne, kirim a ƙasa, kaki kaɗan a kan hanci da dunduniya inda takalmi ba ya lanƙwasa.

Man kaɗanya yana da wurinsa a nan, musamman ga sandal na fatar gargajiya wadda take saurin bushewa. Ɗan kaɗan a kan tsumma, a murza sosai, a bari ya kwana, ya isa. Yana duhunta launi, don haka a fara gwadawa a wurin da ba a gani, kuma idan ya yi yawa yana kama ƙura, da damina kuma fata mai maiƙo ta fi saurin yin funfuna. Basilin yana sa sheƙi na ɗan lokaci amma yana barin danƙo kuma yana hana kaki kamawa daga baya. Man gyaɗa da man girki suna yin ɗaci su jawo tururuwa. Idan funfuna ta riga ta fito, a fitar da takalmin waje a kakkaɓe, a goge shi da tsumman da aka tsoma a ruwan da aka haɗa da farin binega rabi da rabi, a bar shi ya bushe a inuwa mai iska kafin a shafa kirim, sannan a goge kwalin ko kabad ɗin da ya fito daga ciki, ko a sauya kwalin gaba ɗaya.

Akwai abubuwa biyu a rayuwarmu ta yau da kullum da suke shafar wannan zaɓi kai tsaye. Wanda yake alwala sau da yawa a wuni yana mayar da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin takalmin fata, takalminsa yana komawa gida da danshi fiye da na kowa, kuma rufe irin wannan a cikin roba ko kwali a daren nan ɓarna ce. Silifas na musamman don alwala a ofis ko shago yana kawar da rabin matsalar. Na biyu shi ne yawan tuɓewa da sawa a ƙofar masallaci da zaure, wanda yake sa mutane su riƙa take dunduniyar sau-ciki don gaggawa. Abu mai taurin da ke cikin dunduniyar takalmi idan ya karye ba ya miƙewa, kuma babu ƙafar katakon da za ta dawo da shi. Ƙaramin cokalin takalmi a aljihu yana hana wannan, wanda kuma ya san ba zai iya ɗaukarsa ba, haf-koba ko sandal sun fi dacewa da ranarsa.

Idan aka zo yanke shawara, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da yake sa sau-ciki kullum ya fi buƙatar takalmi na biyu da zai riƙa karɓa-karɓa da shi fiye da kowane irin akwati, sai kantar katako a cikin ɗaki da burushi a kusa da ita. Mai takalman biki da na Juma'a ya sa su a jakar ƙyalle, da takarda a ciki, a cikin kwalinsu ko a kabad mai shan iska, ya fito da su su sha iska ko da sau ɗaya a mako biyu ne daga Yuli zuwa Satumba. Mai ɗaki ƙarami da ba shi da wurin kanta ya sayi akwatin roba mai huji, ya bar wa kambas da takalman roba akwatunan da ba su da huji. Bahaushen da yake zaune a Legas ko Fatakwal ko Kumasi, inda laima ba ta sauka sosai a mafi yawan watannin shekara, ya ɗauki kansa kamar yana cikin Agusta koyaushe: kanta da jakar ƙyalle, kirim kaɗan, kuma kada ya ajiye takalmi mai tafin foliyuretan fiye da wata ɗaya ko biyu bai taka shi ba.